Fatar Zomo a Bayan Keke

Tun gari bai gama wayewa ba Mai Faci yake zama a kan tsohuwar tayar da ke bakin ƙofar baya, ya ɗora ƙafar karensa a cinya yana dubawa. Yakan buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya latsa tafin da babban yatsa kamar yadda yake latsa tiyub in yana neman huji. In akwai ƙaya ya cire, in akwai tsaga ya shafa basilin. Ya ɗaga dogayen kunnuwan ya leƙa ko kaska ta kwana a ciki. Sannan ya miƙe ya zare sakata, su biyu su faɗa filin da ke bayan gidan, kare a gaba hanci a ƙasa, mutum a baya yana haki yana mita.

Ba ƙaramin kare ba ne. In ya tsaya, gadon bayansa na taɓa ƙugun mutum. Ja ne, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, ƙafafu dogaye babu tsoka ko ɗaya ta banza. Muryarsa kuwa sai ka ce ana busa cikin bututun ƙarfe. Sunansa Bawul, wato bakin da ake hura wa taya iska, domin in barci ya yi nisa hancinsa na fitar da wani siririn sauti irin na tayar da ke sacewa.

Karen na wansa ne, wanda ya yi rayuwarsa yana farauta. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, bai ja wasiyya ba. Ya ce, "Kada ka ɗaure shi. Kada ka ba shi abinci kafin gudu, cikinsa zai murɗe. Ranar da ka shafa gefensa ka kasa jin haƙarƙari, ka sani ka cuce shi." Ya nuna masa jakar farauta a rataye, ya ce ya haɗa da ita. Mai Faci bai taɓa harbin ko tsuntsu ba. Ya ce to. Mutum ne da ba ya yawan cewa to, amma in ya faɗa, to ya faɗa.

Matarsa ɗinki take yi a barandar gida, kuma da Tela yake kiranta, har unguwa ta ɗauka. Ranar da ya shigo da karen ta dube shi daga kunne zuwa wutsiya ta ce, "Wannan kare ne ko maraƙi?" Sannan ta shimfiɗa dokarta: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar kayan mutane, kuma ita har abada ba za ta taɓa shi ba. Shekaru suka wuce dokar tana nan, kuma babu wanda ya ji jiki. Gudun asuba yana ƙarewa ne a rumfar faci da ke bakin titi, can ɗaya gefen filin. Bawul ya sha ruwa, ya jira numfashinsa ya sauka, a ba shi abincinsa, ya shige ƙarƙashin benci. Injin iska ya yi ta ƙara a kansa, a yi ta dukan ƙarfe da guduma, shi dai yana sacewa.

Sai ranar da jak ɗin da ya ɗaga wata babbar mota da shi ya zame yana cire mata taya. Babbar motar ba ta kashe Mai Faci ba, amma ta karɓe masa gwiwar dama. Ya daɗe a kwance, ya tashi da sanda. Likita ya gaya masa gaskiya ba tare da kwana ba: gudu ya ƙare. In yana son ƙafar ta koma lanƙwasuwa, ya riƙa hawa keke a hankali kullum. Mai Faci ya gyaɗa kai. Ya yi wa kekunan unguwar nan faci tun yana saurayi, ya san kowace taya da tarihinta, amma bai taɓa koyon tuƙa keke ba. Da ƙafa ya yi rayuwarsa. Tela kaɗai ta sani, ita ma ba ta tayar da zancen.

Kare ya rasa gudu, gida ya shiga uku. Tausayi ne ya fara ɓata shi. 'Yarsu in ta zo duba mahaifinta sai ta zo da ragowar tukunya. Mahaucin bakin titi ya riƙa aiko da kitse. Mai Faci kansa, da ba shi da abin ba shi sai abinci, ya ƙara masa kwano. Hatta Tela takan cilla masa wani abu da ludayi daga nesa, ta ce don ya yi shiru ne. Bai yi shirun ba. Ya tone tsakar gida ramuka, ya cinye ƙafar kujera, ya tsaya a bakin ƙofar baya yana wannan kuka na bututu tun safe har maƙwabta su fara buga katanga. Wata ranar ya ja labulen da Tela ta kusa gamawa daga kan igiya, ya zagaye gidan da shi, ya mai da shi tsumma. Labulen na mutane ne.

Da yammacin ranar mijin 'yarsu ya zo. Mutumin kirki ne, mai kula da sito a wani kamfanin kayan gini. Ya durƙusa ya gaishe su, ya daɗe yana murza hula kafin ya shiga zancen.

"Baba, ku gafarce ni. Maigidanmu na neman karen gadi. Na ce akwai wani a hannu, amma sai na ji daga bakinku. Akwai abinci, akwai inuwa. Sarƙar ma doguwa ce."

"Doguwa har ina?"

"Har bakin get, Baba."

Mai Faci ya juya ya dubi matarsa. Ita ba ta ɗago daga zaren da take warwarewa ba.

"Kada ka kalle ni, Malam. Ni ban ce a ba da shi ba, ban ce a bar shi ba. Ina so in yi ɗinkina in ji kaina. Motarsu za ta biyo nan ƙarshen wata. In ta zo yana cikin wannan haukan, zai bi ta. In ya dawo hankalinsa, ga gida nan."

Ba ta faɗa da faɗa ba, shi ya sa ya san ba wasa. Da baƙon ya tafi ya kira Bawul, ya shafa gefensa, ya danna, ya sake dannawa. Bai ji haƙarƙari ba.

Washegari ya sauko da jakar wansa, yana neman igiyar wuya ta kirki, don in ta kai ga tafiya kada a ja karen da waya. Yana zazzagewa sai wata busasshiyar fatar zomo ta faɗo. Bawul, wanda ke tsakiyar kuka, ya yi tsit. Mai Faci ya sa bakin sanda ya ja fatar gefe, kare ya sa hanci a daidai inda ta bi. Ya rufe shi a bayan ƙofa, ya ja fatar ya zagaya rijiya da ita, ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya ɓoye ta a bayan tulu, ya buɗe. Bawul bai nufi tulun kai tsaye ba. Ya bi kowace kwana da fatar ta yi, wutsiya a miƙe, jiki na rawa, har ya je ya tsaya a kanta. Mai Faci ya zauna a kan taya yana kallonsa. Ashe duk shekarun nan ba shi karen ke buƙata a bayansa ba. Abin da zai bi yake buƙata a gabansa. Sai dai tsakar gida ta yi kaɗan, ƙafa kuma ba za ta kai fili ba.

Akwai mai rarraba burodi da ke ratsa filin da kekensa kullum da sassafe, ƙaton mutum mai surutu, tsohon mai kawo faci. Shi ya tare.

"Abu kaɗan nake so. In ɗaura maka wannan a baya, ka ja ta ka ratsa fili. In ka kai kwalbati ka kwance ka rataye a bishiya, ka yi gaba."

"Faci, wato ni ne zomon? In ya cinye ni fa?"

"Ba zai taɓa ka ba. Na hana shi kitse."

Mai Burodi ya yi dariya har akwatin burodinsa na girgiza, ya ce a ɗaura. Mai Faci ya kwana da jiƙa fatar a ruwan wankin nama da ya karɓo wurin mahauci. Da asuba ya ɗaure ta a bayan keken, kuma ya ɗaure ta ne yadda yake ɗaure komai a duniya, da yankin robar tiyub, ya ja ya naɗe ya ja ya naɗe ya cusa bakin a ciki. Ɗaurin da ke riƙe bokitin ƙarfe a bayan babur a kan hanya mai gargada. Bai tuna cewa hannun da zai kwance ba hannun mai faci ba ne.

Mai Burodi ya isa kwalbati, ya sauka, ya yi fama da farce, ya sa haƙori, roba ta ce ba ta san zancen ba. Rana na tasowa, masu shayi na jiransa. Ya tattara fatar ya cusa ƙarƙashin akwati, ya hau ya shiga gari, ruwan nama na ɗiga a bayansa.

Abin da ya biyo baya unguwa ba ta manta ba. Da Mai Faci ya zare sakata, Bawul ya ratsa fili yana busa muryarsa, ya wuce kwalbati ko waige bai yi ba, ya bi sawun burodi shago shago. Ya shiga ƙarƙashin teburin mai shayi ya fita ta ɗaya gefen, masu karyawa suka ɗage ƙafafu da kofuna a hannu. Ya leƙa kanti, ya shaƙa bakin ƙofar kemis. A gaban wani gidan abinci ya cim ma keken, ya ɗora ƙafafun gaba a kan akwati, akwati ya kife. Mai Burodi, duk girman nan nasa, a kan katanga aka same shi. Kare bai kula shi ba, bai kula burodin da ya watse ba. Ya fizge fatarsa ya kamo hanyar gida da ita a baki.

Ranar Mai Faci ya yi ta bin shaguna da sanda yana ba da haƙuri. Mai Burodi ya ce, "Na yafe, amma ka nemi wani zomon. Ni na yi ritaya." Labari ya kai sito kafin la'asar, aka aiko cewa maigida ya ji daɗi ƙwarai, irin karen da yake nema ke nan.

Ya dawo gida gwiwa na zafi, yana jiran abin da Tela za ta ce. Ya same ta tana taka keken ɗinki. Bawul na kwance a gindin katanga, hanci na sacewa.

"Tun da ya shigo bai motsa ba," ta ce. "Na gama riga biyu."

Ya tsaya yana kallon karen. Hanyar daidai ce, wanda ya ja fatar ne ba daidai ba. Babu mai jan ta ya tsaya inda ya kamata sai mai ita.

A bayan rumfarsa akwai tarin ƙarafa da mutane suka bari suka manta. Ya zaƙulo gangar jikin wani tsohon keke, ya samo tayoyi biyu na amalanken da ya mutu, ya kira mai walda na kusa da shi. Suka yanke bayan keken suka shimfiɗa ƙarfe a gicciye, taya a dama taya a hagu. Feda ta dama ya sa aka rage mata tsawo, don gwiwar ta zagaya ba sai ta lanƙwashe duka ba. Mai walda ya ja baya ya kalli abin da suka haifa ya ce, "Faci, wannan in ka fita da shi ka ce ba ni na yi ba." Kwanakin da aikin ya ci, Bawul ya koma kukansa, an kuma rage masa kwano, abin ya ƙaru. Mai Faci ya je wurin mahauci da kansa ya ce a daina aiko kitse. Ya gaya wa 'yarsa in tana son mahaifinta ta zo hannu biyu babu kwano.

Ranar da ya turo keken gida Tela ta zagaye shi.

"Da furfurarka za ka koyi tuƙi?"

"Wannan ba ya faɗuwa."

"Kai fa?"

Ya latsa tayar gaba da yatsa. Sannan ya ce, "Akwai abu guda. Dole in riga shi fita, in ja fatar in kai rumfa. In ina can, babu mai buɗe masa ƙofa. In ruwan shayinki ya tafasa, lokacin ya yi daidai. Sakata kawai za a zare."

"Za a zare," ta maimaita. "Wa ye 'za a'?"

Ta shige ɗaki. Bai bi ta da roƙo ba, ba halinsa ba ne, kuma ya san roƙo ba ya motsa ta.

Da asuba ya duba ƙafafun Bawul kamar kullum, ya fita da keken, ya ja ƙofa, ya ji sakata ta faɗa. A wannan karon da igiya ya ɗaure fatar, ɗaurin zarge. Tuƙin farko bai yi kyan gani ba. Keken na ja hagu, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure, gumi ya jiƙa shi tun bai kai tsakiyar fili ba. Sau biyu ya sauka ya tura. Amma ya zaga bayan tsohuwar rijiya, ya bi gefen kwari, ya yi kwana a cikin ciyawa don kada abin ya zo wa karen da sauƙi, ya kauce wa kwalbati da hanyar gari gaba ɗaya, ya ɓullo ta bayan rumfa. Ya rataye fatar a ƙusa, ya cika baho da ruwa, ya zauna a benci yana riƙe da gwiwa.

Gari ya yi haske. Motar farko ta wuce. Bai buɗe akwatin kayan aiki ba. Ya san tsawon lokacin da butar gidansa ke ɗauka kafin ta tafasa, kuma a lissafinsa ta tafasa tuni. Ya fara tunanin yadda zai koma, da irin igiyar da zai miƙa wa mijin 'yarsa.

Sai muryar ta taso daga can ƙarshen fili, doguwa, mai zurfi. Ta yi hagu wajen rijiya. Ta ɓace a kwari. Ta daɗe tana kai da komo a cikin ciyawa, inda ya yi kwanar. Sannan jan abu ya fito yana cin ƙasa, kunnuwa na tashi, ya zo ya tsaya ƙarƙashin ƙusa yana huci.

Da ya koma gida cin abincin rana ya ce, "Tela, na gode."

"Ban taɓa shi ba," ta ce. "Sakata na taɓa."

Haka aka ci gaba. Kullum yana canza hanya, domin ya lura in ya maimaita ta jiya karen na gama ta da ka, ya iso bai gaji ba. Da rana ta yi zafi sukan dawo gida tare, mutum a kan keke, kare a gefe yana tafiyar gajiyayyu.

Motar sito ta zo ƙarshen wata, da tsakar rana. Mijin 'yarsu ya shigo da direba a bayansa, direban riƙe da sarƙa. Mai Faci ya ci gaba da zamansa a kan tayarsa, domin ba shi ke da hukuncin ba. Bawul na shimfiɗe a inuwar baranda, kusa da keken ɗinki fiye da yadda doka ta yarda, ƙafar Tela na hawa da sauka dab da kunnensa.

"Ku rage murya," ta ce, tun kafin su gama sallama.

"Mama, batun karen nan ne. Maigida ya ce..."

"Wane kare? Wannan? Dube shi. Ɓarawo zai tsallake shi ya shiga, ya sake tsallake shi ya fita da buhun siminti. Ka gaya wa maigidanka ya nemi mai haushi, kada mu cuce shi."

Direba ya karkaɗa sarƙar don ya gwada. Bawul ya buɗe ido ɗaya, ya rufe. Mijin 'yar ya dubi surukinsa, ya dubi keken mai ƙafa uku da ke jingine a bango, ya sunkuyar da kai yana danne murmushi.

"To Mama, zan faɗa masa bai dace da aikin ba."

"Ka zauna ka sha ruwa tukuna. Kai kuma ajiye wannan ƙarfen a waje, yana damuna."

Yanzu haƙarƙarin ya dawo ƙarƙashin hannu, ba duka ba, amma ana ji. Gwiwar ba ta koma yadda take ba kuma ba za ta koma ba, sai dai sandar ta fi zama a bayan ƙofa fiye da a hannu. Mai Burodi in sun haɗu a fili yakan ɗaga murya ya ce, "Zomo, ina kwana?" Mai Faci ya ce, "Lafiya lau, tsohon zomo."

Ni ma ɗan unguwar ne, kuma ganina da shi na baya-bayan nan, na kai masa tayar baro rumfa da sassafe. Na same shi a gindin keken da sifana, kare na kwance ƙarƙashin benci, fata na ɗiga a ƙusa. Ya ce in jira. Ya kwance guntuwar fedar dama, ya ɗauko wata da ta ɗan fi ta tsawo, ya ɗaura, ya hau ya juya ta sau ɗaya a hankali yana cije baki. Ta zagaya. Ya sauko ya ƙara matse notin, sannan ya miƙo hannu ya karɓi tayata.